Na rage doki takwas, mota ta tashi

Injin da ke cikin motata ba nata ba ne. Na wata Peugeot 505 ce, doguwa mai kujeru jeri uku, wadda ta ƙare kwanakinta tana ɗibar fasinja da buhunan albasa tsakanin Ƙwanni, Galmi da Madawa, har ƙasanta ya ruɓe aka kwantar da ita. Tawa kuwa 504 Kupe ce ta 1973, mai ƙofa biyu, wadda ta fito daga masana'anta da inji mai allurar mai, ƙarfin doki 104. Wanda na sa mata yanzu karburato gare shi, doki 96 ne a takarda, kuma bayan wahalar da ya sha a hanyar Madawa ba zan rantse duka 96 ɗin suna nan ba. Abokaina na fada sun ce ba su taɓa jin wanda ya canza wa motar gudu inji ya koma baya ba sai ni. A lissafi sun yi gaskiya. Amma duka aikin bai ci mini jikka 700 ba (ga ƴan uwa na Najeriya, jikka ɗaya sefa dubu ce), kuma yanzu da asuba in na murɗa makulli tana amsawa, abin da rabonta da yi tun ina ƙaramin ɗan lakwal.

Wanda bai taɓa ganin ta ba zai ɗauka 504 ɗin da muka sani ce aka rage wa ƙofa. Ba haka ba ne. Peugeot ta fitar da 504 a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, a watan Maris na shekarar kuma aka nuna Kupe a baje kolin motoci na Janeba. Kamfanin Pininfarina na Turin, a Italiya, shi ya zana jikinta kuma shi ya riƙa ƙera shi. An rage tazarar tayun gaba da na baya da santimita 19, rufin ya yi ƙasa, babu fallen ƙarfe ɗaya na jikinta da ya yi daidai da na 504 ta tasha. Fitilu huɗu a gaba, a baya kuma uku-uku a karkace kowane gefe. An ƙera 504 sama da miliyan 3, amma Kupe ba ta kai dubu 30 ba har aka daina ta a 1983. Mai inji V6 ce Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da ita a 1978, ya sake cin na Bandama a Kodibuwa a wannan shekarar. Yayana da ke bida a Abija yakan ba da wannan labarin sai ka ce yana bakin hanya ranar, alhali ko haihuwarsa ba a yi ba.

Sai dai in ka kwanta ƙarƙashinta, ƴar gida ce. Wannan shi ne duka sirrin arahar aikin nan.

Ta Kawu ce. Dattawan garin Tawa sun san zamanin da Turawa ke sayen tsofaffin Peugeot a ƙasarsu, su haye teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset, In Gezzam, Asamaka, Arlit da Agadas, su sayar da motar a nan ko a Yamai, su yi kuɗin jirgin komawa gida da ita. Hanyar yuraniyom, Tawa zuwa Arlit, sabuwa ce fil a farkon shekarun 1980, Kawu kuma direban manyan motoci ne a kanta. Abin da kowa ke rububi shi ne doguwar 504 da 404 mai bodi, masu ɗaukar kaya. Mota mai ƙofa biyu, wadda ko mutum huɗu sai sun takure, wa zai saya? Aka yi ta zagaye da ita a gari har farashinta ya faɗi, Kawu ya ɗauka. Ya more ta shekaru, sannan ta fara shaƙewa, sannan wata rana cikin zafin Afrilu ta tafasa a hanyar Keita, kilas, wato murfin saman inji, ya tsage. Aka jawo ta gida, aka kafa mata rumfar zana, kaji suka mayar da ita ɗakin ƙwai. Da na roƙe shi ita bara waccan, sharaɗi ɗaya ya gindaya: kada a yanka mata jiki.

Abin da ya kashe ta tun asali ba kilas ba ne, pompin allurar ne. Irin ta Kugelfischer ce, ta Jamus, wadda BMW ma ta sa a 2002 tii. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikinta. Igiyar roba mai haƙora ke juya ta, a ciki akwai ƙananan pisto huɗu, kowane silinda da nasa, da wani dunƙulen ƙarfe da aka sassaƙa wanda ke auna yawan man da za a harba gwargwadon gudun inji da takun ƙafarka. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma ba laifinta ba ne. An yi ta ne don mai mai tsabta da hannun wanda ke da na'urar saita ta. A nan ta sha man kwalba na bakin hanya, ruwa-ruwa, da ƙurarsa da ɗigon ruwansa, kuma duk makaniken da ya taɓa ta da kunne ya saita. Da mai ya yi ƙaranci a silinda, inji sai ya riƙa ɗaukar zafi fiye da kima, ruwan rijiya da ake ɗura wa radiyato kuma ya riga ya cinye alminiyon kilas daga ciki. Zafin Afrilu ƙarasawa kawai ya yi.

Na kai maganar wurin Baba mai garaj, a bayan kasuwa. Shi ya koyi aiki a kan 404, yanzu Toyota da Sinuwa ke cika masa fili, amma har gobe in ya ji ƙarar Peugeot daga nesa yakan gaya maka wane inji ne. Na je da waya cike da bidiyon samarin Amurka da Japan suna cusa 2JZ na Toyota Supra a duk abin da ke da taya huɗu. Ya kalla har ƙarshe, bai katse ni ba, sannan ya ce, "Ɗana, mi ka ka so, doki ko tahiya? In ta tsaya maka a Badagishiri da marece, wa ka gyara ta?"

Na ce to ko ba 2JZ ba, Baba, ai akwai 3Y na Hiyas ko 22R na Hilux, kayansu kamar ƙasa. Bai ba ni amsa ba. Ya sa yaransa suka ɗaga motar, ya ce in shiga ƙarƙashi in gani da idona.

A yawancin motoci masu ja da baya, sandar da ke kai juyi daga bwat, wato akwatin giya, zuwa tayun baya a fili take, kana ganin ta tana juyawa, bwat ɗin kuma yana da nasa matashin da ke tallafe shi a tsakiyar mota. A 504 sandar tana cikin wani bututun ƙarfe mai kauri, an ɗaure shi gam a wutsiyar bwat daga gaba, an ɗaure shi daga baya a bakin pon, wato akwatin da ke raba juyi ga tayun baya. Inji, bwat, bututu da pon duk sun zama abu guda mai tsawo. Ƙafafun inji biyu ke riƙe da shi a gaba, pon ke riƙe da shi a baya, tsakiya babu komai. Wannan ne ya sa 504 ke shanye ramuka ba ta girgiza ka, shi ne kuma ya sa baƙon inji ke da tsada a cikinta. In ka kawo injin Toyota da bwat ɗinsa, bututun ba shi da wurin kamawa. Sai ka cire shi, ka sa mai walda ya ƙera wa bwat gadar da zai zauna a kai, ka sa a yanka sabuwar sanda daidai tsawo a daidaita ta don kada ta yi rawa, sannan ka nemo abin da zai riƙe bakin pon, tunda ka raba shi da abin da ke hana shi ɗagawa in ka taka wuta. In kuma ka ce za ka bar bwat ɗin Peugeot, to sai mai turu ya sassaƙa maka farantin da zai haɗa shi da injin Toyota, kuma kuskuren rabin milimita a tsakiya ya isa ya riƙa cinye maka ambiriyaj, wato kuloci, kowane wata. Ban da wannan, injin 504 a kwance yake, an karkatar da shi digiri 45 zuwa dama, shi ya sa kapo ɗin Kupe, wato murfin gaba da ke rufe inji, ya iya yin ƙasa haka. Injin da ke tsaye ƙyam sai an huda masa kapo. Ga kuma sharaɗin Kawu.

Duk wannan mai yiwuwa ne, akwai masu hannun yin sa a Yamai da Kano. Amma da muka zauna muka jera kuɗin walda, turu, sanda, radiyato, salansa da wayoyi, injin kansa bai kai kashi ɗaya cikin uku na jimlar ba. Masu bidiyon nan farashin inji kawai suke faɗa.

Wani abokin Baba, mai gyaran motocin gazuwal, ya kawo tasa shawarar: a sa mata Indenor, injin dizal na 504, lita 2.3, ba buji ba delko mai raba musu wuta, ba ya mutuwa. Gaskiya ne ba ya mutuwa. Amma dokinsa 70 ne, ya fi nauyi, yana karkarwa, kuma wanda ya sa shi a wannan motar ya mayar da ita akori-kura mai kyakkyawar fuska. Ko a aljihu ma ribar ta ragu, tunda daga Yulin 2024 litar esansi, wato fetur, ta koma sefa 499, gazuwal kuma 618. Wanda ya fi jan raina shi ne injin 505 GTI, lita 2.2, duka alminiyo, doki 130. An nuna mini guda a hoto daga Maraɗi. Da na tambayi wayoyinsa da akwatin kwamfutarsa da ma'aunin iska, sai mai shi ya ce ai waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ba ƙanana ba ne. In babu su, abin da ke hannunka kilo ne na ƴan gwangwan. V6 kuwa, wanda Peugeot, Renault da Volvo suka haɗu suka yi aka fara sa wa Kupe a 1974, ko an ba ni kyauta sai na canza bwat, kuma shan mansa ba na mai saka pompin sola a garakan albasa ba ne.

Sai ya rage XN1. Ƙanin injin motar ne uwa ɗaya uba ɗaya: gangar jiki ɗaya ta baƙin ƙarfe, faɗin silinda milimita 88, tafiyar pisto 81, jimla cc 1971, bambancin kawai wannan karburato ke ba shi mai. Shi ne a cikin 504 da 505 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975 ta kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, da daɗewa bayan Faransa ta daina. Saboda haka daga Sakkwato zuwa Illela zuwa Ƙwanni, babu shagon kayan mota na tsohon hannu da za ka shiga ka rasa jwan ɗinsa, wato abin da ke toshe yoyo a mahaɗa, ko bis-platine ɗinsa na cikin delko.

An ce mini in tafi Yamai, kasuwar Feray, in zaɓi wanda aka sauke daga kwantena. Na tambaya ta waya. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023 kayan Kwatano suka daina shigowa kai tsaye, sai an zagayo ta Lome da Burkina, komai ya hau. Kuma injunan da ke zuwa yanzu na motocin zamani ne, wa zai cika kwantena da inji mai shekara arba'in? Baba ma yana da ƙa'idarsa: ba ya sayen injin da ke kwance a ƙasa wanda bai ji muryarsa ba. Labarin 505 ɗin nan ya zo mana ta bakin wani direban tasha, ya ce tana nan a Ƙwanni ba a fara fiɗa ta ba tukuna. Muka yi sammako.

Yadda Baba ya duba injin ya fi duk abin da na gani a intanet amfani, shi ya sa zan faɗe shi dalla-dalla. Ya hana a tayar kafin mu iso, da muka isa kuma ya fara ɗora tafin hannu a kansa ya tabbatar da sanyi yake, don injin da aka ɗumama yana ɓoye ƙwanƙwasa. Ya buɗe murfin zuba mai ya leƙa: in akwai farin kumfa mai kauri, ruwa ya haɗu da mai. Babu. Ya zaro sandar awon mai ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya cire buji huɗun, waɗanda a wannan injin suke can cikin rami mai zurfi, ya jera su bisa tsari, yana lura da cewa a Peugeot silinda na ɗaya shi ne na wajen bwat, ba na wajen radiyato ba. Duka launin toka-toka, ɗaya ya ɗan fi baƙi. Sannan ya ɗaura ma'aunin matsi: uku sun ba da 10, mai baƙin ya ba da 9 da rabi. Ba girman lambar yake nema ba, kusancinsu da juna yake nema. Sai aka kawo batir da galan ɗin mai aka tayar. Ya tsaya a baya yana kallon hayaƙi, ya dawo gaba ya buɗe radiyato yana jiran ko kumfa zai taso. Daga ƙarshe ya ɗora dogon sukudireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, wuri bayan wuri.

Mai motar ya ce jikka 350. Muka sha shayi, muka yi sallar azahar, muka tashi a 240. Abin da Baba ya nace a kai ba ragin ba ne, cewa ya yi da kayansa za mu ɗauka: karburato Solex, delko, altarnato, demarer, pompin mai, bakin salansa, da tukunyar tace iska. Mai motar ya so ya riƙe altarnato da demarer ya sayar daban, Baba ya miƙe ya kakkaɓe riga. Inji tsirara yana da araha a baki, amma in ka tashi tattara waɗannan ɗaya-ɗaya sai su ninka maka kuɗinsa. Muka ɗora shi a kan tsohuwar taya a bayan wata mota da ke komawa Tawa wayam, jikka 15.

Da ni kaɗai ne da washegari na jefa shi cikin mota. Baba ya ce duk abin da za a yi wa inji a yi masa yana ƙasa, inda hannu ke kai wa ko'ina. Aka cire kilas aka kai wa mai turu ya duba lafiyarsa, aka niƙa supap, wato bawul. A nan akwai abin da duk mai taɓa wannan injin ya kamata ya sani. Silindansa ba a jikin ganga aka huda su ba, shemis ne ake zurawa, wato bututan ƙarfe da pisto ke gudu a ciki, ruwa na zagaye da su kai tsaye, a gindin kowanne akwai siririn jwan da ke raba ruwa da mai. Kilas ne ke danne su. In ka cire kilas ka juya inji ba ka danne shemis ɗin da ƙarfe da noti ba, pisto zai ɗaga su, jwan ɗin gindi ya saki, ka rufe inji lafiya lau, bayan mako ka tarar da ruwa a cikin mai. Wani sabon yaron garaj ya kai hannu zai juya puli don ya goge kan pisto, tsawar da Baba ya daka masa har mai shayi na tsallaken titi sai da ya waiwayo.

Jwan ɗin kilas iri biyu mai shago ya ajiye mini a kan tebur, na jikka 6 da na jikka 18, kwalinsu kusan ɗaya. Na ɗauki mai tsadar. Haka sarƙar da ke juya sandar supap, haka jwan ɗin bakin bilbireke, wato sandar da pisto ke juyawa, gaba da baya, haka ambiriyaj sabo cikakke, jikka 55, ko da yake tsohon bai gama cinyewa ba, don canza shi daga baya yana nufin sake sauke inji. Duka wannan zagayen ya tashi kusan jikka 130.

Saka shi cikin mota shi ne ya fi komai sauƙi. Aka rataye shi da sarƙa a reshen dogon yaro, aka turo mota ƙarƙashi, ya shige bakin bwat ɗinta na asali noti ya faɗa ramin noti. Ƙafafun inji da kaskon mai na ƙasa muka ɗauko daga tsohon injin. Ba a kunna walda a jikin motar ba ko sau ɗaya.

Wurin mai ne ke son natsuwa. Motar allura tana da pompin lantarki da ke turo mai da ƙarfi daga tanki, karburato kuwa abin da yake so bai kai rabin bar ba. In ka bar wancan pompin, zai fi ƙarfin ƴar allurar da ke rufe mai a cikin karburato, mai ya yi ambaliya ya zubo a kan inji mai zafi. Motoci sun ƙone a kan wannan. Muka cire shi, muka bar ƙaramin pompin da ke jikin injin yana ja da kansa, muka toshe bututun da ke mayar da mai tanki. Tankin kansa sai da aka sauke, abin da ya fito daga ciki ya cika kwanon awo: tsatsa, yashi da wani danƙo mai warin tsohon fenti. Na sa matatar mai biyu a jere, irin masu haske da kake ganin dattin da ido. Tukunyar tace iskar da muka zo da ita irin ta ƙasashen ƙura ce, wadda iska ke bi ta kan mai kafin ta shiga inji. Ba ta sami wuri ƙarƙashin kapo yadda take a 505 ba, sai da aka lanƙwasa mata sabon mariƙi aka ɗaure a ramukan noti da ke nan tun asali. Abokaina sun so in sa ƙaramar matata mai sheƙi irin ta masu tsere, wai tana ƙara ƙara. Wanda ya ga hunturun Tawa, ranar da ko hasumiyar masallaci ba ka hange, ba zai ba injinsa iska ta cikin wannan ba.

A kan sanyaya inji ne kawai muka yi musu da Baba. An sake wa radiyato ciki gaba ɗaya, jikka 45, an sa dirit sababbi, wato bututan ruwa na roba, kuma na ce daga yau gilasiyol, ruwan sanyaya inji na shago, za ta sha, ba ruwan pompi ba. Duk ya yarda. Amma da ya ɗauko kalorsta, wato ɗan abin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, zai jefar, yadda kusan kowane makanike a ƙasar nan ke yi, na ce a'a. Hujjarsa ita ce a garin da zafi ke wuce digiri 40 babu amfanin abin da ke tare ruwa, kuma in ya maƙale a rufe ya kashe inji. Tawa hujjar ita ce a Disamba da Janairu da asuba sanyi ne na gaske, injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai, yana wanke silinda da ɗanyen esansi, yana cinye kansa a hankali. Maganin tsohon kalorsta sabo ne, ba rami ba. Muka jefa sabon cikin tukunyar ruwan zafi a kan gawayin mai shayi, muka ga ya buɗe. Ya ce, "Motarka ce. Amma in ta tafasa, kada ka hwaɗi sunana." Na rama masa a wajen fanka. Tata ta asali mai maganaɗisu ce, sai inji ya yi zafi take kamawa, shi kuma ya ce a ɗaure ta ta riƙa juyawa kullum kamar yadda ake yi wa motocin tasha. Na bar shi. Tana cin ɗan ƙarfi, tana ƙara, amma a Mayu ba na kallon allurar zafi ina addu'a.

Kuɗin da ban sa a lissafin farko ba na birki ne. Motar da ta yi shekaru a tsaye, duk robar da ke cikinta ta mutu ko da ido bai nuna ba. Kupe birkin faranti gare ta a tayu huɗu. Na gaba ba wuya. Na baya ne aiki, don doguwar 504 da mai bodi, waɗanda suka fi yawa a nan, ganga gare su a baya, sai a ƙaramar 504 ta manyan ma'aikata ake samun irin nata. Birkin hannu ma a cikinsu yake, piston ɗinsu murɗa shi ake yi ya koma, wanda ya danna shi da ƙarfi ya lalata. Daga Kano aka aiko da robobin. Da bututan roba da babban silindan birki, jikka 85 suka tafi. Batir 50. Baba ya karɓi 80 na aikinsa, ya ce rabin ladan ya riga ya samu da ya ga yaransa sun koyi saita supap da filla, 0.10 na shiga, 0.25 na fita, inji da sanyi. Jimla, har da ƙananan kayan da ban faɗi kuɗinsu ba, jikka 660 da ƴan kai, ban da tayu, waɗanda na sa na hannu kafin kaka.

Wata riba da ban hango ba sai wajen takardu. Kart giriz, wato takardar mota, ta ce esansi, doki 11 na haraji. Sabon injin ma esansi ne, doki 11. Asiransi da binyet ba abin da ya motsa. Da dizal ko Toyota na sa, da takarda na faɗin abu ɗaya kapo na faɗin wani, kuma ranar da tsautsayi ya faɗa, wannan bambancin shi za a fara dubawa.

To yaya take tafiya? Daga tsaye ba ta da zafin nama, duk wata Corolla ta ƴan kwanan nan za ta bar ta a danja. Kawu da ya zauna a gefena zuwa Tabalak ya ce da can in ka taka ta tana amsawa nan take, yanzu sai ta ɗan yi tunani. Na yarda da shi, aikin allurar ke nan. Amma daga 80 zuwa 110 a kan kwalta mai kyau, zaune kake ƙasa-ƙasa, sitiyari na gaya maka duk abin da taya ke taka, ta shiga kwana ba ta jingina. A inda kwalta ta farfashe kuma, wurin da ƙananan motocin zamani ke rarrafe, ita lanƙwasa ƙafa take ta wuce. Tana shan lita 11 zuwa 12 a kilomita 100 a awona, wato zuwa Yamai, kilomita 550, kusan jikka 32 na mai. Na sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin kaskon mai saboda tudun rage gudu na ƙauyukan hanya. Bayan kilomita 1,000 mun koma garaj aka sake ɗaure notin kilas aka sake saita supap. Wannan injin yana bukatar haka bayan sabon jwan, masu tsallake shi su ne ke dawowa suna zagin mai shago.

Tsohon injin yana nan a zaure, na zuba mai a silindansa na rufe da buhu, pompin Kugelfischer da bututansa huɗu kuma suna cikin akwatin ƙarfe a ɗaki. Ƴan gwangwan sun zo sun taya da kilo, na sallame su. A Turai masu tara tsofaffin motoci suna biyan kuɗi mai nauyi a kan wannan Kupe, kuma abin da suke fara tambaya shi ne ko injinta na asali yana nan. Ban da niyyar sayarwa, amma ban ga dalilin rufe wa ƴaƴana ƙofa a kan jikka 20 ba. Duk abin da muka yi, makanike zai iya warware shi cikin mako guda.

Wanda ya ga irin wannan motar a bayan gidan wani yana sha'awa, kada ya fara da buɗe kapo. Ya zagaya ya duba gilashin gaba, na baya, fitilu da ƙarafan ado. Waɗannan babu su a Ƙwanni, babu su a Kano, ba a kuma ƙera su a Kaduna ba. Gilashin fitilar baya guda ɗaya da jikokin Kawu suka fasa da ƙwallo, yayana ya samo shi ta hannun wani a Faransa, kuɗinsa da na aikowa ya kusa na ambiriyaj da radiyato a haɗe.

Abin da ya rage yana ci mini rai shi ne giya ta biyar. Huɗu gare ta, a 110 inji na kuka yana neman wata. Bwat mai biyar na 505 yana kama bayan wannan injin, kuma mai motar Ƙwanni ya ce nasa yana nan, jikka 90. Matsalar ita ce ya fi nawa tsawo, saboda haka sai an rage bututun nan da sandar cikinsa, kuma na Kupe dama gajere ne, ba irin na sauran 504 ba, in an lalata shi babu wani. Mai turu ya ce zai iya. Baba ya ce a samo bututun wata matacciyar 504 a yanka wancan, nata a ajiye shi kusa da tsohon inji, in ba haka ba shi ba ya ciki. Na aika a tambaya a Madawa da Dogon Dutsi. Masu garaka ba sa biyan bashin pompi sai sun sayar da albasa, saboda haka kafin Afrilu ba abin da zan taɓa.